Komin Gwaggo Lempi

Lammi, Satumba 1987

Ɗana Tuomo,

Gaisuwa daga wadda ta daɗe ba ta ga fuskarka ba. Katinka mai hoton jiragen ruwa ya iso, yana nan jingine a taga. Ni dai ga ni nan, gwiwar hagu ba ta sake hali ba, amma da ƙafata nake kai kaina coci. Dankali ya yi albarka bana.

Maƙwabcinmu Arvo, mijin Kerttu, ya rasu a ƙarshen Agusta. Yana gyaran raga a bakin tafki zuciya ta tsaya. Ni na dafa sahti, giyarmu ta gargajiya, da aka sha bayan binne shi, don ka san tun da hannun kakarka ya gaza, ba a yi biki ko rasuwa a wannan gefen tafkin ba sai da giyar gidanmu. Na yi ta yadda na saba. Tsiron sha'ir, ruwan zafi kaɗan-kaɗan a ɗakin sauna inda muke wankan tururi, rassan kataja, itacen nan mai ƙanshi, a shimfiɗe cikin komi don tacewa, yistin kanti. Ban rage ba, ban ƙara ba.

Tuomo, ta yi tsami.

Ba wanda ya ce mini uffan, ka san mutanenmu. Maza suka kurɓa, suka ajiye kofuna rabi, suka ce a dafa musu kofi. Ƙanen mamacin ya dubi rufin ɗaki ya ce ai bana an yi zafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma ga Kerttu tana ta zuba mini kek a faranti wai in ci.

In mutane suka tambaye ni me kake yi a Jamus, sai in ce kana nazarin abin da ke ɓata giya, su yi ta dariya wai ashe har gwamnati na biyan mutum kan wannan. To, ga ranarka ta zo. Ruwa ba ya tsami banza. Hannuna ne ya tsufa, ko komin ne? Kakanka ya sassaƙa shi daga gungume guda a shekarar da ya auri kakarka, kuma bai taɓa ba mu kunya ba.

Ina tambaya ne don Sirpa, 'yar Kerttu, za ta yi aure a Yulin baɗi, uwarta kuma ta riga ta ce ni zan dafa. Ban amsa ba. Ba zan kai tsami gidan mutanen nan sau biyu ba.

Kada ka bugo waya. Waya daga ƙasar waje ta sanar da mutuwa ce, in ta yi ƙara gabana faɗuwa yake. Ka rubuto.

Gwaggonka Lempi


Hamburg, Oktoba 1987

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu da gwiwa. Ki miƙa wa Kerttu ta'aziyyata. Arvo ne ya koya mini ɗaure ƙugiya, ban manta ba. Ni lafiyata ƙalau, sai dai ruwan sama da ba ya ɗaukewa.

Kin san ke ce mutum ta farko, in ban da mutanen ɗakin bincikenmu, da ta tambaye ni aikina? Da na karanta wasiƙarki sai na tsinci kaina ina zagaya ɗaki ina yi miki bayani da ƙarfi, har matar da nake haya a gidanta ta buga silin da sandar tsintsiya. Wata da watanni ban yi yarenmu da kowa ba sai kaina. Don haka ki yi haƙuri, yau za ki sha surutu.

Abin da nake nazari wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, sunanta Pectinatus. Da Latin wai mai kama da mataji, saboda gashinta duk a gefe guda yake. Ba ta son iska ko kaɗan. Da can ba wanda ya san da ita. Sai da manyan kamfanonin giya suka ƙware wajen korar iska daga kwalba, don giyarsu ta daɗe, sannan ta bayyana ta ce ga ni. Tana gurɓata giya ta sa ta warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ni ba ita gaba ɗaya nake bi ba, rigarta nake bi. Tana da wata riga a waje wadda aka saƙa da mai da sukari. Man yana kafe a jikinta, sukarin kuma yana reto a waje. Sunan rigar lipopolisakarid, ba sai kin riƙe ba. Ita ke taimaka mata ta jure ɗacin furen hop da ake sa wa giya, wanda yake hana 'yan'uwanta da yawa sakat. Ina kiwonta a kwalabe rufaffu, in kashe ta, in dafa ta cikin wani ruwa mai ƙona fata, in yi ta tacewa makonni, a ƙarshe in sami farin gari da bai cika bakin cokali ba. In na yi atishawa aikin wata guda ya tafi.

Ga abin da ke hana ni barci don daɗi. Man da ke rigar irin waɗannan halittu sarƙa ne mai gaɓoɓi, kuma yawancinsu gaɓa goma sha biyu ko sha huɗu gare su. Ita tawa sha uku gare ta. Ko ta mutu ta bushe, in na ga wannan sha ukun a na'ura na san ta kwana a wurin. Har sukarinta akwai wanda ya naɗe da kusurwa biyar a inda ake sa ran shida. Shugabana ya ce in sake aunawa, na sake, haka yake.

Muguntarta kuwa, in ta sami tsaga inda iska ba ta kaiwa, sai ta lafe can ƙarƙashin yauƙi, wanki ba ya isa gare ta. Na je wani kamfani inda suka wanke wata na'ura har suka gaji, kullum ta dawo. A ƙarshe ba abin da ya yi magani sai da suka ɓamɓare wurin gaba ɗaya suka yar.

Ki yanko mini ɗan guntun itace daga tsagar da ta fi zurfi a komin, ki naɗe a takarda mai tsabta ki aiko. Zan sa shi a na'ura in gani.

Nan ba sauna ta gaskiya. Ranar Lahadi kome a rufe, sai in tafi tashar jiragen ruwa in tsaya ina karanta sunayen waɗanda za su gida.

Ɗanki Tuomo


Lammi, Nuwamba 1987

Tuomo,

Ina gaishe ka. Duhu ya sauka, rana sai ta leƙo ta koma. Gwiwa na nan, tari kuma ya zo taya ta zama.

Na karanta wasiƙarka har takardar ta yi laushi. Riga ta mai da sukari, ai wannan kek ne, yaro. Da na san abin da za ka je nema ke nan da na toya maka a gida. Na karanta wa Kerttu wurin sha ukun nan, ta ce dama tun kana ƙarami kai ne mai ƙirga ƙafafun ƙwari. Amma na ji daɗi, Allah ya sani. Kamar kana zaune a bencin nan na gefen murhu kana zuba, ni kuma ina fere dankali.

Wuri guda ne ban karanta mata ba, wurin tsagar nan. Ka manta ko ba ka sani ba, komin yana da doguwar tsaga a gindi tun sanyin shekarar yaƙi. Kakarka ta cusa mata ƙaro, ni ma nakan sabunta. Na ɗauki fitila na je na durƙusa na duba, can ciki baƙi ne ƙirin. Na sa hanci ban ji warin ƙwai ba, amma hancin mai shekara saba'in da ɗoriya ba abin kafa shaida ba ne.

Na yanko maka da wuƙar kakanka. Sai ka ce naman mutum nake yanka. Ga shi nan cikin takardar burodi.

Kirsimeti na tafe. In dafa ko kada in dafa? Kuma kai za ka zo? In za ka zo in fara hura wuta a ɗakinka tun da wuri, don bangon ya sha sanyi.

Gwaggonka


Hamburg, Disamba 1987

Gwaggo,

Barka da Kirsimeti, da fatan tarin ya tafi. Guntun ya iso lafiya. Ba zan samu zuwa ba, ki gafarce ni. Lokacin hutu ne kaɗai na'urar ke zama ba kowa a kanta, kuma shugabana yana son sakamako a sabuwar shekara.

Kada ki zuba kome a komin tukuna. Ki bar shi a gefe yadda yake har in gama dubawa. Zan rubuto da zarar na ga wani abu.

Na sa miki cakulan da safar ulu a kwalin.

Tuomo


Lammi, Maris 1988

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina fata sanyin can bai kai na nan ba. Safar ta yi mini daidai. Cakulan na ba yaran coci, haƙorana ba na wannan aikin ba ne.

Na yi yadda ka ce. Na ware komin daga sauran kaya, na ja shi a kan keken ƙanƙara ni kaɗai har rumfar itace, na lulluɓe shi da tsohon bargo. Ban kira kowa ya taya ni ba don kada a yi tambaya. Na kwana biyu bayana bai miƙe ba. Bokitai da ludayi kuma na tafasa su har itacen ya yi fari.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Kirsimeti ba sahti a gidan nan ba sai wannan. Da can mutane kan biyo da 'yan tulunansu, su ce wucewa suke, su zauna su sha kofi su ba ni labarin duniya kafin in cika musu. Bana ba abin cikawa, to ba mai wucewa. Ashe ba Lempi ake zuwa gani ba. Na kunna kyandir a kabarin iyayenka da na kakanninka, na dawo na ci abinci ni da rediyo.

Shekaranjiya Kerttu ta zo. Muka sha kofi, muka yi maganar ƙanƙara, sannan ta ce dangin angon Sirpa suna da wani mutum a Hollola mai dafawa da tankin ƙarfe, sun ce a ba shi aikin. Ita ta ce musu a'a, ita da Arvo da giyar komin nan aka ɗaura musu aure, 'yarta ma da ita za a yi. Na ce mata ina jiran amsar likita. Ta zaci gwiwa nake nufi, ban gyara mata ba.

Ka ce za ka rubuto da zarar ka ga wani abu. Wata uku ba ka ga kome ba, ko kuwa ka gani ne? Ni ba yarinya ba ce, Tuomo. Na binne mutane da yawa, zan iya jin labarin itace.

Gwaggonka Lempi


Lammi, Mayu 1988

Tuomo,

Gaisuwa. Ƙanƙarar tafki ta narke, agwagi sun dawo, na shuka dankali. Mai kawo wasiƙu ya gaji da ganina a bakin hanya, yanzu tun daga nesa yake girgiza mini kai.

Kerttu ta ce za ta jira ni har Juhannus, bikin tsakiyar rani, tunda dafa sahti ba ya cin fiye da 'yan makonni. Bayan nan dole ta ba surukanta amsa.

Ni na raine ka, na san halinka. In labari ba daɗi, kai ba ka ƙarya, shiru kake yi ka sunkuyar da kai har a gane. Na sake karanta abin da ka rubuta kan kamfanin nan da suka wanke har suka gaji. Ina ganin tun a lokacin kana shirya ni ne. In haka ne ba sai ka wahalar da kanka neman kalmomi ba, shiru ma amsa ce.

Ka riƙa cin abinci mai zafi.

Gwaggo


Hamburg, Yuni 1988

Gwaggo, Gwaggona,

Ina gaishe ki, kuma kafin kome: komin lafiyarsa ƙalau. Ki dafa wa Sirpa.

Wasiƙunki biyu suna gabana, ta Mayu ta sa na ji kunyar kaina. Ba abin da na gani na ɓoye. Na'urar ce ta lalace a Janairu, aka yi ta jiran kayan gyara. Da ta tashi kowa ya yi layi, ni kuwa da guntun itacen gwaggona ba ni da bakin shiga gaba. Kullum in ce bari in sami sakamako in rubuta gaba ɗaya, don a aikinmu an horar da mu kada mu faɗi abin da ba mu auna ba. Gaskiya kuma sanyin bana ya danne ni. Akwai makon da in ban da sannu ga mai gadi ba abin da ya fito daga bakina. Nakan ɗauki biro in rasa ta inda zan fara.

Jiya na sa naki. Na niƙa guntun, na dafa, na tace, na zauna ina kallon alƙalamin na'ura yana zana layi. Ya zo inda sha ukun ke tashi ya wuce sumul. Na sake, haka. Ko ƙurarta babu.

Ina zaune a wurin sai na ga wautata, don ban ma buƙaci na'ura ba. Tawa ba za ta iya rayuwa a gidanki ba. Kominki a buɗe yake iska na kaɗa shi, kina ƙona shi da tafasasshen ruwan kataja, kuma sahtinki ta fi ƙarfin da take iya jurewa. Ita 'yar kamfani ce, giya mai rauni a cikin kwalba take so. Kin ce mini tsami, ba ki ce warin ƙwai ba. Masu kawo tsami wasu ne daban, ba su ma da irin rigar da nake nazari. Suna zuwa ne cikin yistin kanti, kullum suna nan, sanyi ke danne su. Bara an yi zafi a Agusta, ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa bai yi sanyin da ya saba ba, suka sami sarari. Ƙanen Arvo gaskiya ya faɗa. Ba hannunki ba ne, ba komi ba ne.

Kin tambaye ni giyarki, ni kuma murna ta ɗebe ni na ba ki labarin tawa. Da na ce ki bar shi a gefe, nufina kawai kada tsagar ta canza in na buƙaci ƙarin guntu.

Ki sayi yisti sabo, da ta gama tashi ki kai ta wuri mafi sanyi, ko ki sauke tulunan cikin rijiya yadda kakata take yi a da. Ba zan sami hutu kafin kaka ba, don haka ki sha kofin sahti guda a madadina ranar bikin, ki rubuto mini wanda ya fara faɗuwa daga benci.

Ɗanki Tuomo


Lammi, ƙarshen Yuni 1988

Ɗana Tuomo,

Ina gaishe ka. Na ji abin da ka ce game da sanyin da ya danne ka, raina bai so ba. Da ka rubuto ko layi biyu ka ce ba ka da abin faɗa, ai da mun zama mu biyu. Ni lafiya lau, har gwiwar ta yi sauƙi da zafin nan.

Wasiƙarka ta iso ranar Talata. Ka san ba a raba wasiƙu a hutun Juhannus. An riga an hura wutar bikin a bakin tafki tun ranar Juma'a.

Bana tsohon kwalekwalen Arvo aka ɗora a kan tarin itacen, tunda ba mai shiga shi kuma. Da na ga 'ya'yansa maza suna jan sa, sai na kira su na ce akwai wani tsohon abu a rumfata, su haɗa da shi. Na yi ta tunani tun Mayu. Na ce in na bar shi a rumfa, ranar da na mutu wata za ta gan shi ta ce ga komin Lempi, ta ɗauka ta dafa da shi, cutar ta bi gidaje da sunana. Jefar da shi a juji kuwa ba zan iya ba. Wutar Juhannus ta fi mutunci, a nan jiragen mutanen kirki ke ƙarewa.

Samarin ba su so ba, suka tsaya suna kallon uwarsu. Kerttu ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"Lempi, kin tabbata?"

"Yaron ya duba shi a Jamus," na ce.

Shi ke nan suka je suka ɗauko shi, don duk garin nan an san kai ba ka faɗin abin da ba ka auna ba.

Ya ci wuta da kyau. Itacen da ya shekara kusan tamanin yana shan ruwan sha'ir, da ya kama sai ƙanshin kataja da tsiro ya cika bakin tafkin, har makaɗin da ke jan akodiyan ya dakata. Tsofaffin maza suka cire huluna. Ban yi kuka a wurin ba, sai da na zo gida na ga bargon a yashe a rumfa.

Ranar Talata na karanta taka a tsaye a bakin hanya. Na kai wurin da ka ce alƙalamin ya wuce sumul, na zauna a kan dutsen nan na gefen akwatin wasiƙu, na daɗe ban tashi ba. Daga baya dariya ta zo mini, wai ashe ƙanen Arvo, wanda ko sunansa da ƙyar yake rubutawa, shi ne ya faɗi daidai tun ran farko.

Kada ka sa abin a ranka. Ba kai ka ce in ƙona ba, ni na karanta abin da ba ka rubuta ba. Ban gaya wa Kerttu ba kuma ba zan gaya mata ba, kai ma in ka zo ka riƙe bakinka. Mutumin Hollola zai kawo tasa a tankin ƙarfe. Sirpa ta ce in zauna kusa da ita a babban teburi, tunda bana ba ni da aiki a bayan gida. Babban ɗan Arvo ya ce zai sassaƙa mini sabo, na ce ya bari. Sabon komi sai ya shekara goma kafin ya daina ɗanɗanon itace, ni kuwa ka san shekaruna.

Abu guda ne ke damuna, zan faɗa maka ko da za ka yi dariya. Tun da ka tafi ƙasar nan kati kake aiko mini, hoto a gaba, gaisuwa a baya. Sau biyu kaɗai ka cika mini takarda gaba da baya, kuma duka biyun a kan komin ne. Jiya na zauna da biro ina neman wata tambayar da zan yi maka wadda ta isa ka zauna ka amsa. Na duba ɗakin nan kaf, na leƙa rumfa, ban sami ko ɗaya ba. Ni ban san kome ba sai giya, ita kuma na gama da ita.

To, ka ba ni labarin rigar nan taka. Ba na ganewa, amma ka rubuto da tsawo.

Gwaggonka Lempi